Jan Faci a Buhun Malam Tanimu

Wata Litinin ce cikin watan Afrilu, ina aji huɗu na firamare a Kakuri, aka tashe mu da wuri saboda makon jarrabawa ne. Rana ta take tsaka, yashin ƙofar makaranta yana ƙona ƙafa ta cikin silifas. Na sayi guntun rake a wurin Malam Tanimu kamar kullum, ina tafe ina tauna, sai igiyar silifas ɗina ta fita, na sunkuya zan mayar da ita. A nan ne na lura. Na duba gabana, na duba bayana, na juya sau biyu a wuri ɗaya, ban ga inuwata ba, sai wani ɗan baƙi-baƙi da ya maƙale a ƙarƙashin tafin ƙafata. Raken ya faɗi daga hannuna. Na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Ya naɗe min inuwa!" Kalmomi huɗu ke nan, kuma har yau da na yi furfura a gefen kai ban gama nadamar su ba.

Malam Tanimu dogon mutum ne siriri, mai sanyin magana. A masaƙa yake aiki a da, ɓangaren rini, har farcensa bai gama washewa daga shuɗi ba. Da masaƙar ta tsaya, jiniyar da ke tada unguwa da asuba ta yi shiru, iyayenmu maza kowa ya kama abin da ya samu: wani ya koma tuƙi, wani ɗinki, shi kuma ya sayi baro ya riƙa sayar da rake a gindin dalbejiyar ƙofar makarantarmu. Yana fere rake da doguwar wuƙa, ɓawon yana tara shi a wani tsohon buhu da ke rataye a hannun baron, don ba ya son ya bar wa masu shara aiki. Duk yaron da ya gaishe shi da kyau sai ya ƙara masa gaɓa ɗaya. 'Yarsa Sa'a benci ɗaya muke zama da ita, ita ke ara min abin goge rubutu, ni kuma ina cika ta da surutu. Tun yana masaƙa yake cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ma'aikata, shi ya sa da gidan talabijin suka fara wani sabon wasa na aljanu da abubuwan mamaki, suka ɗauke shi ya fito a matsayin wani baƙo mai yawo da buhu. Sunan wasan na gaskiya ma ba mu riƙe ba, wasan Mai Buhu kawai muke ce masa.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, talabijin ma ɗaya, ta Maman Rifkatu, wata tela 'yar wajen Kafanchan da ke ɗakin ƙarshe. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci ta huta, bayan La'asar sai ta fito da ita baranda, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe ta da shi, ta ɗora a kan teburin keken ɗinkinta. Duk mako babu ranar da muke aiki da hanzari irin wannan. Niƙan da kan ɗauke ni awa biyu saboda tsayawa 'yar carafke a hanya, ranar Lahadi kafin Umma ta gama hura wuta na dawo da shi. Mu cika randa, mu share tsakar gida, mu wanke kwanoni har da waɗanda ba a sa mu ba. Yara a tabarma, mata a kan kujerun tsuguno suna tsinke zogale, maza a tsaye daga baya suna yi kamar wucewa kawai za su yi. In an ɗauke wuta kuwa, akwai batirin mota da aka tanada musamman, kuma babu wanda ya taɓa jin an yi gardama a kan wanda zai ɗauko shi.

A Lahadin da ta gabaci wannan Litinin aka nuna abin da ya girgiza mu. Mai Buhu ya tare wata yarinya a bakin kogi, ya durƙusa a gefenta, ya kama inuwarta daga wajen kai ya naɗe ta kamar tabarma, ya tura a buhu ya ɗaure. Yarinyar ta koma gida, uwarta ta leƙo ta dube ta sama da ƙasa ta ce ba ta san ta ba, ta rufe ƙofa. Nan aka yanke, aka ce sai mako mai zuwa. Tsakar gidanmu ta kaure. Wani ya ce wa aljanun ruwa yake sayar da inuwoyin, wata ta ce ai uban yarinyar ne ya dawo a wata kama, wani tsoho da ya ce shi ba kallo yake ba ya rantse buhun ba shi da gindi, duk abin da aka zuba wata duniya yake faɗawa. Maman Rifkatu kaɗai ta tsaya a kan nata, tana ninke ƙyallen talabijin tana cewa, "Ku dai dubi fuskarsa lokacin da yake ɗaurewa. Mugu ba ya ɗaure abu a hankali haka." Aka yi mata dariya, aka ce tausayinta ya yi yawa.

Ni ban sa baki ba, abin da ya ba Umma mamaki, don bakina a lokacin ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ni. Na ga abin da babu wanda ya gani. Lokacin da Mai Buhu ya juya, a gindin buhun akwai jan faci na yankin atamfa, an ɗinke shi da baƙin zare. Na san facin nan sarai, kullum ina kallonsa in ana fere min rake. Yanzu na san cewa masu wasan ba su da abin sayen kayan wasa, kowa da abin da ya ɗauko daga gida yake zuwa. Amma a kaina na yarinya 'yar shekara tara lissafin a miƙe yake: in buhun na gaske ne, to abin da ke cikinsa ma na gaske ne. Da safe kafin a buga ƙararrawar taro na faɗa wa mutum uku a asirce, kafin tara ta yi duk ajinmu sun je sun leƙo facin sun dawo. Ban ji tsoro ba a lokacin, gaskiya daɗi na ji. Yau ni ce mai ido, manyan 'yan aji shida ma suna zuwa tambayata. Sa'a tana gefena tana feƙe fensir.

To, da na yi wannan ihu a ƙofar makaranta, kowa ya sunkuya ya dubi ƙasa, kuma kowa bai ga tasa ba. Wanda ya sha rake ya fashe da kuka, wanda bai sha ba aka ce ai ya wuce ta gefen baron. Muka watse da gudu, wasu ba takalmi, wasu ba jaka. Na waiwaya sau ɗaya na hango Malam Tanimu a tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, rake a ɗaya, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko maciji muka gani. Da yamma inuwoyinmu suka dawo dogaye a jikin bango, amma wannan bai wanke shi ba, sai aka ce ya sake su ne da ya ga asirinsa ya tonu. Daga bakin yara maganar ta koma bakin manya, a can kuma ta canza suna. Aka daina cewa inuwa aka koma cewa kurwa, aka daina cewa Mai Buhu aka fara faɗin kalmar nan da ba ta goguwa a jikin mutum, wai maye ne. Washegari wasu iyaye suka je wurin hedimasta, shi kuma ya roƙi Malam Tanimu ya ɗan matsa da baronsa har abin ya lafa.

Umma ba ta dake ni ba, da ma ta dake ni da ya fi sauƙi. Ranar Talata da na dawo ta jira har rana ta daidaita a tsakiyar kai, ta jawo ni tsakar gida, ta ɗauko taɓarya ta tsayar da ita cak a kan siminti ta riƙe da yatsa ɗaya. Ta ce in nuna mata inuwar taɓaryar. Na zagaya, babu. Ta sa na dubi turmi, na dubi bokiti, na dubi ita kanta. Sannan ta ce, "To faɗa min, Bilki, taɓaryar nan ma rake ta saya?" Ta ce duk shekara in bazara ta yi tsanani haka rana ke yi, tun tana yarinya a ƙauye da shi suke gane an kusa shuka. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Ta ɗauki mayafinta ta ce in wuce gaba.

Mun same shi a ƙofar ɗakinsu, baron a jingine, raken a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma don kada ya bushe. Umma ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo mu, ni kuma na buɗe baki kuka ya riga magana fita. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko buhun ya zazzage ɓawon a gabana, ya juya cikinsa waje ya karkaɗe, ya miƙo min in taɓa. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kina da ido, 'yata. Masu ɗaukar hoton su huɗu ne, babu wanda ya ga facin nan." Ya fere min gaɓa biyu, ya ce in ci. Na karɓa, na riƙe su a hannu. Sa'a tana bayan labule, ina ganin ƙafafunta, ba ta fito ba.

Na yi ƙoƙarin warware abin da na ƙulla. Ranar Laraba na kafa sanda a filin makaranta da tsakar rana na tara yara, na nuna musu abin da Umma ta nuna min. Waɗanda suka yi ta rububin jin labarina ranar Litinin, rabinsu ma ba su tsaya ba, wata har cewa ta yi ai an ba ni rake ne aka rufe min baki. Da Lahadi ta zagayo gidanmu ya cika har zaure. Aka nuna cewa akwai wani abu a cikin kogin da ke lashe inuwar yara, wanda ya rasa tasa a bakinsa ya tafi ke nan, Mai Buhu kuwa riga shi yake yi ya ɓoye su. A ƙarshe ya bi gida-gida yana kwance buhu, yana shimfiɗa wa kowane yaro tasa a ƙafarsa, uwar nan ta buɗe ƙofa ta rungume 'yarta. Mata suka yi ta share hawaye. Maman Rifkatu ba ta ce ai na faɗa muku ba, ta dai dube ni, ta lulluɓe talabijin ɗinta. Na yi zaton shi ke nan, gobe zan ga baro a gindin dalbejiya. Ban gan shi ba. Mutanen da suka yi wa Mai Buhu kuka ranar Lahadi su ne suka ci gaba da janye 'ya'yansu in sun haɗu da Malam Tanimu a hanya. Ya koma tura baronsa can wajen Trikania inda ba a san zancen ba, da aka dawo hutu kuma wata yarinya daban na tarar a bencinmu.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa yake kallon nasa wasan, in an yanke a wuri mai daɗi sai su shiga gardama da mutanen da ba su taɓa gani ba, kowa yana rubuta hasashensa, wani har ya tsayar da hoto ya zagaye wani ɗan abu da jan layi don a san shi mai ido ne. Ina jin su ina dariya, don na san daɗin abin. Ina kewar barandar nan da batirin mota da musun da ake yi fuska da fuska, ana yi ana tsinke zogale. Na tambayi Sa'a a wurin mutane da yawa, wasu su ce Zariya ta yi aure, wasu su ce ba su san ta ba. Duk shekara in Afrilu ta zo na fita shanya da tsakar rana, sai na sami kaina ina duban ƙasa. Shi dai ya mayar wa kowa inuwarsa kafin wasan ya ƙare. Tasa da na naɗe, ban taɓa samun hanyar mayar masa ba.