Gaisuwar da Aka Ce In Yanke

Lamaji

Ana sallame sallar asuba na fito daga gidanmu a Lamaji, rakoda a jaka, takalmi a hannu, don ruwan da aka kwana ana yi ya mayar da layinmu kunu. Wanda bai san Njamena ba zai ce ai tafiyar cikin gari ce. To, ya gwada ta da damina.

Ni ke gabatar da shirin Hausa na wani ƙaramin gidan rediyo duk Asabar. A wannan makon ciwon damuwa za mu tattauna, kuma da ƙyar na samu wanda ya yarda ya ba da labarinsa: Malam Isiyaka, kafinta a unguwar Shagwa. Shugaban tashar ya ja mini kunne, ba suna, ba unguwa, muryar ma za a sauya. Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa. Ko tari mutum ya yi a rediyo, sai a ce ai ɗan gidan wane ne.

Hanya

Na hau kilando, wato acaɓar nan garin, har bakin kwalta. A shinge wani jandarma ya leƙa jakata, ya ga rakoda, sai ya manta da takardu ya shiga ba ni labarin kwatar unguwarsu da ta toshe. Na yi alkawarin zan faɗa a rediyo. A cikin bas kuma wata mai kifi ta ɗora mini kwandonta a cinya, ta ce tunda 'yar jarida ce ni, in ji warin da kaina in kai rahoto. Haka na sauka a Dembe ina ƙamshin kogi, na sake hawa wata motar.

Shagwa

Wajen ƙarfe tara na tarar da Malam Isiyaka yana goge ƙofa. Ya sa aka kawo shayi, ya ce in kunna rakoda. Ambaliya ce ta cinye masa shago da katako. Daga nan barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya kulle kansa a ɗaki. Yayansa, Alhaji Sani, ya riƙa gaya wa mutane wai ya tafi Abeshe neman kasuwa. Shi ne kuma ya goya shi a babur ya kai shi wurin likita, su biyun sun naɗe fuska da rawani kamar masu zuwa sata. Magani da yawan hira da likitan suka dawo da shi. Amma tun da ya warke Alhaji bai sake tako ƙofarsa ba, kuma ya hana a ambaci zancen a dangi. Nan idona ya cika da ƙwalla, ban ɓoye ba.

Ina shirin kashe rakoda sai ya gyara murya. Kun san Bahaushe, ba ya barin makirufo bai yi gaisuwa ba. Ya gai da matarsa da sunanta, ya gai da limamin layinsu, ya gai da Alhaji Sani mai shagon atamfa a Amrigebe. Asirin da muke ta ƙoƙarin rufewa ya yaye shi a numfashi ɗaya.

Na yi dariya na ce duk wannan yankewa za a yi. Shi bai yi dariya ba.

"'Yata, yanke kowa, har ni. Amma ki bar gaisuwar Yaya. Ba ya ɗaukar wayata, rediyo kuwa ba ya kashe ta."

Amrigebe

Ba na sa sunan mutum a iska ba da izninsa ba, don haka na karkata Amrigebe bayan azahar. Alhaji ya ɗauka atamfa na zo saya, har ya fara yabon wata shuɗiya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta rufe. Ya ce da Larabci kalas, zance ya ƙare. Na ce to, ya dai saurari ƙarshen, in ya ce a yanke, an yanke.

Na kunna. Muryar ƙanensa ta cika shagon: "Ina gai da Yayana da ya goya ni ranar da ban iya tafiya ba. Ban taɓa ce masa na gode ba."

Alhaji ya daɗe yana ninke atamfar da take a ninke. Can ya tambaya ko gaskiya ne za a sauya muryar. Na ce dokar tasha ce.

"To me zai sa? Mutane su ce wani baƙo na goya? Ki bar masa muryarsa, 'yata. Ƙanena ne."

Gida

Na iso Lamaji ana kiran magariba, laka har gwiwa. Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da jandarman da kwatarsa ke jiran mako mai zuwa. Malam Isiyaka ya amince, shugaba ya yi gunaguni ya haƙura, ranar Asabar shirin ya fita da suna da murya. Ana gamawa na kira Malam Isiyaka in ji yadda ya ji. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce in yi haƙuri, yana zaure da Yaya.