Ƙaho Ya Koma Zabira

Har na bar aikin nan ba zan manta da ranar da aka kawo mana Baba Ilu daga Badafi ba, farkon damina. Ni atenda ce, wato mai share ɗakin marasa lafiya da kai jini ɗakin gwaji. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a gona, ga shi wanzami ne shi kansa.

Da na kai jininsa, mai gwajin ya yi min bayani. Ya ce a jini akwai 'yan ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa, ana duba yawansu da girmansu. Na Baba manya ne, masu saurin haɗuwa, kamar gudaji a kunu. Likita ya ɗora shi a kan maganin da ke hana su kamawa, kafin a tura shi Kano.

Da la'asar ina shara, sai ga ƙanensa Sale da zabira, zai yi masa ƙaho a ƙirji, a fid da mataccen jini. Na sanar da Sista. Ta zo ta ce, “Wanda ya tsaga shi, jini ba zai tsaya ba!” Suka ce to. Amma sai aka tura zabirar ƙarƙashin gado.

Na durƙusa na ce, “Baba, in kun yi ƙaho, jinin yakan daɗe bai daskare ba?”

Ya yi murmushi. “Haba 'yar nan! Kafin a zare ƙahon ya zama kamar hanta.”

Na ce, “To dubi inda aka ɗebi naka ɗazu.”

Ya ɗaga audugar. Ƙofar allura ce kawai, amma audugar ta jiƙe, har yanzu jinin yana tsattsafowa. Ya daɗe yana kallo, irin kallon mai sana'a. Can ya ce, “Sale, wannan ba jinin da na sani ba ne. In ka tsaga ni, sai dai ka ɗauki gawa. Kai zabirar nan gida.”

Sale ya ce, “Yaya, ni fa taimako na zo.”

“Na sani. Sayo min ayaba.”

Baba Ilu ya dawo daga Kano da ƙafarsa. Ku da kuka shigo aikin nan, dangin marar lafiya ba su zo cutar da shi ba, da abin da suka iya suka zo. Ku tambayi mutum abin da ya sani, sau da yawa a nan zai ga gaskiyarku.