Ludayin Yaya Sule

Ku matso, mutanen unguwar Mansur ta Makka, ku matso kusa, don abin da zan faɗa ko maigidana ban faɗa wa ba. Duk kun san Yaya Sule, wanda kuke ce wa Malam Mai Ludayi. Wanda bai san fuskarsa ba ya san tafiyarsa: dogo, siriri, ga ludayin duma rataye a wuya yana lilo a ƙirji. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa jana'iza. In zai sauka Harami sai ya cusa shi cikin riga, ƙirjin ya yi tudu kamar ya sato kaza. Ka ce masa, "Malam, ya gida?" ya ce, "Ɗaya-ɗaya ne, Allah ya ƙosar." Ka ce masa an yi maka haihuwa, amsar ke nan. Ka ce jakinka ya mutu, ita ce dai.

Ni ce Dije, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau, don shi Yaya bai riƙe ba.

Ludayin nan na Innarmu ne. A ƙasa muka taso daga Haɗeja ina ƙarama. Baba ya rasu a hanya, Inna ta rasu a gonar auduga a Sudan, Yaya ya ɗaure ni a bayansa da zanen Inna har muka ga teku. Da ludayin nan yake ba ni kunu. To ku gaya min, wa ya fi ni gadon ludayi da mai ludayin?

Muka girma a Makka, ya aurar da ni, shi kuma yana ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa benaye. Matarsa ta rasu ba ɗa, bai sake aure ba. Lafiya lau muke, kullum da la'asar yana tsakar gidana yana shan shayi, har shekarun da aka yi ta rushe gidajen gefen Harami ana faɗaɗa shi, talakawa suka rasa wurin sa haƙarƙari. Ran nan sai ya ajiye garwa, ya hau dutsen bayan unguwa, ya kafa duwatsu uku, ya ɗora wata tukunya da masu dafa wa alhazai suka yar, wadda za a iya yi wa mutum wanka a ciki. Ya ce ya yi tunani ya gano abu uku ne suka lalata 'yan Adam: ƙofa, kwaɗo, da abincin da ya kwana.

Na ce, "Yaya, rana ce ta buge ka?"

Ya ce, "Ɗaya-ɗaya ne."

Kafin shekara ta zagayo, bukkokin garwa sun cika dutsen, ana kiran wurin Gidan Kowa. Takari 'yan'uwanmu, da wani Balarabe Bayamale, da wani Bajawe daga tsibiran gabas mai nisa, da wani Ba'indiye da ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Abin da kowa ya samo da rana, shinkafa ce, alkama ce, busasshen naman layya ne na Mina, cikin tukunya ake zubawa, ya zama fate. Bayan la'asar a yi zikiri, a yi layi, maza nan mata can, Yaya ya hau kan dutse ya zuba wa kowa ludayi ɗaya. Ba a ce wa kowa Alhaji, ba a ce wa kowa Hajiya. Wani dattijo ya yi ƙorafi, Yaya ya ce, "Bawan Allah, a garin nan har jakin mai ruwa ya je Arfa. In za a fara, da shi za a fara." Malaman ƙasa wasu suka ce bidi'a ce, wasu suka ce taɓin hankali ne. Ni ban ce ko ɗaya ba. Ni abin da na sani, an ƙwace min yaya.

Don kuwa kowace mace a dutsen nan ƙanwarsa ce. "Ƙanwata, kawo itace." "Ƙanwata, sannu da aiki." Wadda ta fi ci min rai ita ce Gambo 'yar Damagaram, mai juya tukunya, mace gajera mai murya kamar ana buga garwa. Ta girme ni, kai ina jin ta girme shi ma, amma wai ƙanwarsa! Kullum tana gindin tukunya, kafaɗarta kusa da gwiwarsa. Ni da aka goya, sai na bi layi.

Ni kun san ni, ba ni da yawo, ɗakina ya ishe ni. Na ce ba zan tare a dutse ba, ina da miji ina da ƙofa. Ya ce to, amma lallai kullum in hau in karɓi ludayina, in ba haka ba shi zai sauko da jama'arsa su yi zikiri a ƙofar gidana. Sai na riƙa hawa. In shiga layi hancina a sama, ko kwanon wata ba na kallo, kar a ce kwaɗayi ya kawo ni. In miƙa, ya zuba, in kifa faifai a kai, in sauko ɗakina in ci ina mita. Zama cikin taro a ci abinci kamar ranar suna, ba da ni ba.

Akwai Sallar da na ɗinka masa riga. Farin yadi mai kyau, na yi wata guda ina yi mata aiki a wuya da hannuna, har idona ya yi ja. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa albarka. Kwana uku ina leƙe ta taga sai ga rigata tana wucewa a jikin Bayamale, tana jan ƙasa. Washegari ga ta a jikin wani mai tura baro. Rana ta uku Bajawe ne a ciki, ya naɗe hannun sau huɗu. Ashe igiya ɗaya gare su ta shanya, duk wanda ya riga tashi ya zari wadda ta yi masa. Na hau dutsen nan ko mayafi ban daidaita ba.

"Yaya, rigar da na ɗinka maka!"

"Ai kin ga albarkarta, ƙanwata. Mutum bakwai sun yi salla da ita."

"Kai fa?"

"Ni ba na riga su tashi."

Mutumin da shi ke tashin su sallar asuba! Na ce, "Kuma kar ka ƙara ce min ƙanwata, tunda sunan ya zama na kowace mai zane. Ni da Gambo ɗaya muke a wurinka?"

Ya dube ni, ya dubi Gambo, ya ce, "Ɗaya-ɗaya ne." Gambo ta sunkuyar da kai tana juya tukunya, tana danne dariya. Wallahi ran nan da muciyar a hannuna take, da an yi abin faɗa.

Ku da kuke nan kun tuna zuwan Umda, mai unguwa. An kai masa ƙara cewa ana tara mutane marasa takarda a dutse, ya hau da askari ɗaya a bayansa, yana haki, yana share gumi da gefen rawani. Ya yi rashin sa'a ya iso daidai lokacin rabo.

"Ya shehu, wa ya ba ka izinin wannan taro?"

Yaya ko juyowa bai yi ba. "Layi, ya Umda."

"Ni magana na zo yi!"

"Mai magana ma layi yake bi. Ka zo da kwano?"

Mutum ya hau dutse da rana, ga ƙamshi na dukan hanci. Aka ara masa kwano, ya tsaya bayan mai tura baro. Ya shanye, ya siɗe yatsa, ya sake miƙo kwanon. Yaya ya ce, "Gobe." Umda ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Yaya ya ce, "Na sani. Mai ludayi ɗaya ne." Askarin ya juya baya yana tari. Tun daga ranar ba a sake jin maganar takarda ba, sai dai duk Alhamis a ga yaron gidan Umda ya hau da buhun alkama, shi kuma Umda na biye da kwanonsa a ƙarƙashin riga.

Sai wani attajiri da ya ji labari, ya sa aka ɗauko wa Yaya firji mai aiki da kananzir, ƙarti shida suka hau da shi dutse. Ya ce don abinci ya daina lalacewa. Yaya ya zagaya shi, ya buɗe, ya rufe, ya ce, "Wannan ai duk ukun ne a haɗe: ga ƙofa, ga kwaɗo, ga kwanan abinci." Ya sa aka ɓalle ƙofar, aka kwantar da shi rigingine, awaki suka samu wurin shan ruwa. Ni da nake jiƙa tsumma ina naɗe tulu don in sha ruwan sanyi! Ya tuna yana da ƙanwa a gindin dutse? Ina! Awaki ma sun fi ni.

Hannunsa na dama kuwa kullum a ƙone yake, daga yatsu zuwa wuyan hannu, fatar ta saɓule ta yi fari-fari. Na sayo masa ludayin ƙarfe mai dogon hannu, ya ce ma'auni ba ya canzawa, aka mai da shi abin kwasar garwashi. Na ce, "To ka je Gambo ƙanwarka ta shafa maka mai." Ya yi dariya ya ce, "Ke dai kawo naki man." Ina shafa masa ina zagin mutanen dutse. Na ce, "Munafukai ne duka, suna kukan talauci, alhali kullum nama a kwano, tsoka uku tsoka huɗu. Ko gidan Umda ba a cin haka." Ya ce, "Allah ya ƙosar," ya janye hannunsa ya tafi.

Zazzaɓin bayan aikin Hajji ne ya kwantar da shi, kwana biyar. Da hantsi ya cika, ina riƙe da ƙafarsa, Gambo na riƙe da ɗayar, don ko a nan ba ta bar min shi ba. Da malami ya zo rabon gado, ya tambaya, "Ina magada?" Mata wajen arba'in suka amsa. Ya ce, "Na jini nake nufi." Jama'a, na miƙe tsaye! Shekara takwas ina jiran a yi wannan tambaya. Aka duba abin da ya bari. Rigar jikinsa ta igiya ce, butarsa ta kowa ce, tabarmar ma aro ce. Ludayi kaɗai ne nasa. Na rataya shi a wuyana, na bi ta gaban Gambo a hankali, na sauko gida na rufe ƙofata har da kwaɗo.

Kwana uku ba a yi rabo a dutse ba. Wannan ya ce da kofi za a auna, wancan ya ce kofin wa? Bajawe ya zo roƙo, na ce ba na jin Larabci. Umda ya aiko, na ce ina takaba, ko da yake ba mijina ne ya mutu ba. Rana ta huɗu sai ga Gambo da kanta, ta zauna a dokin ƙofa ba sallama mai tsawo.

"Dije, ba mu ludayin nan, yara na kuka."

"Ai ku ne ƙannensa. Bai bar muku naku ba?"

Ta dube ni ta ce, "Ke kam Allah ya yi ki da baki, bai yi ki da ido ba. Ke a tunaninki wa aka fi jin haushi a dutsen nan? Shekara takwas muna kwana da baƙin cikinki!"

"Nawa? Ni da nake bin layi kamar baƙuwa?"

"Kin taɓa leƙa kwanon wata? Mu daga sama yake ɗibar mana, ruwa-ruwa, sai mu yi mako ba mu ga tsoka ba. In ya hango faifanki sai ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gindin tukunya inda nama yake kwanciya, tana tafasa. Ni nake tsaye a wurin, ni nake jin yana jan iska ta haƙori. Kin zaci me ya dafa masa hannu? Sau ɗaya na yi magana, na ce, 'Malam, ina ɗaya-ɗayan?' Ya ce, 'Ɗaya na zuba mata, Gambo. Ki ƙirga.'"

Sai na tuna man da nake shafa masa ina zagin mutane da cin nama, shi yana ji, yana kallon ƙasa. Na ce, "Yaya Gambo, shigo daga ciki." Muka yi kuka har shayin da na ɗora ya ƙone. Da za ta tafi ta ce, "Amma dai kin ci mana nama, Dije." Na ce, "Ke kuma kin tsaya kusa da shi." Muka rabu a kan kowace ta ci bashin haushin 'yar'uwarta.

Allah ya jiƙan Yaya Sule. Allah ya sanyaya hannun nan nasa da ruwan Alkausara, ya yafe masa son kan da ya yi saboda ni, ya haɗa shi da Inna ya gaya mata ya kawo ni lafiya. In an zo yi masa rabo, ya Rabbi, a zura masa har gindi.

Ludayin na ara musu, aro na ce, kullum da magariba Yaya Gambo take dawo min da shi in rataye a kan gadona. Yanzu sun aiko wai in hau ni in riƙa rabon, tunda jinin ne. Ni kuma tsorona ɗaya: in ta miƙo kwanonta, daga sama zan ɗibar mata in rama tsayuwar da ta yi kusa da shi, ko in naɗe hannun riga? Ku da kuka san mu mu biyun, me kuka ce?