Ba Aikin Ƙaba Ya Kai Ni Yola Ba

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Mubi, ni da mai ɗakina, a wata tsohuwar bas. Ba zan ɓoye muku abin da ya fito da ni ba. Shekarar da 'yan ta'adda suka kore mu daga gari, harsashi ya same ni a mara. Da yake da sauran shan ruwana a gaba, na tashi, amma tun ranar ban sake iya kusantar iyalina ba. Na sha jiƙo, na sha rubutu, na haɗiyi ƙwayar kemis, duk a banza. Ita ta yi haƙuri, kawunta ne ya gaji, ya ce bayan babbar salla zai kai magana gaban alƙali a raba auren.

Shingen sojoji ya ragu, ramuka ne suka ƙaru. A Gombi muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa, ƙosan ya tsuke kamar goro, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. A Song wani mai magani ya leƙo ta taga yana rantsuwa garinsa na tayar da matacce. Na ce masa na sha buhu guda, ya yi gaba. Muna wuce gonakin Vinikilang muka hau gadar Binuwai, zafin Jimeta ya yi mana maraba.

Gidan yayana muka sauka a Jambutu. Washegari muka ga likitan mafitsara, wanda ya riga ya tsara mana rana da wani ƙwararre mai zuwa lokaci-lokaci. Ya ce jijiyoyin sun lalace, ba ƙwayar da za ta tashe su, sai dai a dasa abu a cikin gaban. Akwai mai famfo, akwai sanduna biyu masu lanƙwasuwa da hannu. Ya gargaɗe mu cewa wurin na iya ruɓa idan ba a kula ba, kuma in an yi ba komawa baya. Na tsorata ƙwarai. Ita ce ta ce, "A yi." Muka zaɓi sandunan, su ne daidai ƙarfinmu.

Kafin a shiga da ni ɗakin tiyata yayana ya ja ni gefe. "Duk wanda ya zo dubiya ka ce ƙaba ce. Haka kowa yake faɗi. Kar ka ba mu kunya."

Na ce, "Hamma, in na ce ƙaba, Kawu zai fasa zuwa kotu ne?"

Kwana biyu da aiki sai ga Kawun daga Damilu, da abokansa biyu da kular farfesun kifi. Ya ce, "Sannu, an ce ƙaba ce ko?"

Suruki ne, ko ido ban saba haɗawa da shi ba. Na dube shi na ce, "A'a, Kawu. Abin da ya sa za ka je wurin alƙali, shi aka gyara." Hamma ya tuna yana da kira a waje. Kawu ya yi ta kallon silin, ya yi addu'a a gurguje suka fita.

Kafin mu iso Mubi labari ya riga mu. A majalisa ana ƙus-ƙus, har da masu ce mini mai ƙarfe. Su yi ta yi. Ban yi sata ba, harbina aka yi, na nemi magani kamar mai karaya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kunyar da za ta kashe maka aure ba ta da amfani.

Yau sati bakwai, alhamdu lillahi, sauran ba naku ba ne. Jiya Kawu ya kira ta ya ce ya janye maganar kotu, amma in daina faɗa wa manya irin wannan a gaban mutane. Ta ce masa, "To Kawu. Da ma ko kun je, ku kaɗai za ku je."