Yaran da Na Bari a Hanyar Lambara

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka zan riƙe abina. A Boɗinga aka haife ni. Mahaifina bakanike ne daga ƙasar Zuru, mahaifiyata kuwa ita ke share 'yar majami'armu kowace Asabar. Mu Kirista ba mu da yawa a garin, kowa ya san ɗan kowa. Ni ne yaron da ake nuna wa sauran yara a ce, "Ku yi koyi da wane."

Kowane dogon hutu akan tara matasan ikilisiyoyinmu na Boɗinga da Shagari a yi sansani, ana addu'a da waƙa da koyarwa. Ina ɗan sha biyar na fara zuwa. Ranar farko ake karɓe wayoyi don hankali ya tsaya wuri guda. Fasto ya miƙo mini kwalin wayoyin ya ce, "Riƙe, kai ne ba na shakka." Da aka tashi, waya ɗaya ba ta koma hannun mai ita ba, tana aljihuna. Yaron ya yi ta kuka, ni kuma na jagoranci addu'a Allah ya tona asirin ɓarawo. Aka ce amin. Na yi ta jiran tonon, shiru. Wannan shirun ne ya hallaka ni.

Ina gani da idona 'yan'uwana suna sake hali. Wani mai taurin kai ya koma gida ya durƙusa wa ubansa. Wata ta daina satar amsa a makaranta. Ni abin da na koya daban ne: yadda ake karya murya, da inda ake sakin hawaye, da irin shaidar da ke sa iyaye mata goge ido da bakin zane. Ban cika ashirin ba aka naɗa ni shugaban matasa. Kuɗin baikon da ake tarawa a majami'a ya riƙa ramewa tsakanin faranti da akwati, cacar waya tana lashewa.

Wata damina dattawa suka soke sansani, suka ce hanya ba lafiya. Ni kuwa baki ya saba da maiƙo. Na jira Fasto ya yi tafiya, na bi gida-gida ina cewa wata ƙungiya daga Sakkwato ta shirya nata a wata makaranta kusa da Lambara, da abinci, da masu gadi, da likita. Iyaye suka biya. Wa zai tuhume ni?

A tasha Mama Talatu mai ɗinki ta kama hannuna. 'Yarta Rifkatu na da sikila, ko bara yini kawai take yi a sansani ta koma gida.

"Ɗana, ka ce akwai likita?"

"Akwai, Mama. Har biyu."

"To, ga amanar Allah nan."

A mota Rifkatu ta matso ta ce, "Yaya, shaidarka ce ta sa na daina tambayar Allah don me ya yi ni haka." Na ce mata a gode wa Ubangiji. Ta taga ina kallon gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin.

Direba ya sauke mu ya juya. Makarantar kango ce, azuzuwa ba ƙofa, iska ta yaye rabin kwano, gero ya rufe ta ta ko'ina. Na karɓi wayoyinsu yadda aka saba, na ce su jira in taho da masu abinci. Na fita titi na hau babur. A raina na ce za su gane, su tako bakin hanya. Ina nisa ina jin sun ɗauki waƙa.

Ba su gane ba. Sun yarda da ni, suka zauna. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya shiga ƙashin Rifkatu, ga shi ba wayar da za a kira kowa. Sai bayan la'asar wani dattijo Musulmi da ke dawowa daga gona ya ɗauke ta a amalanke zuwa titi, ya kai sauran zaurensa ya hura musu wuta. Washegari ta cika a asibiti.

A Sakkwato aka kama ni, ina cinikin wayoyin. A kotu dattijon nan ya tsaya ya ce, "Ranka shi daɗe, ni dai kukan ɗiya naj ji. Na ishe su jiƙe sharkaf, suna roƙon Allah shi tsare yayansu da yat tafi biɗar abinci, kar ruwa shi ci shi."

Alƙali ya yanke mini shekaru, amma wannan maganar ta fi su nauyi. Ina gidan yari mahaifina ya rasu. Mahaifiyata ba ta ƙara taka majami'a ba don kunya. A can na fara addu'ar da babu mai kallo, kuma na tarar ban iya ba, sai da na koya daga farko kamar yaro.

Da na fito na je shagon Mama Talatu na durƙusa. Ta daɗe tana taka keke kafin ta tsaya.

"Na yafe maka, don ni ma mai neman gafara ce. Amma ka sani, tun ranar babu uwar da ta sake sakin ɗanta zuwa sansani. Ba 'yata kaɗai ka binne ba."

Yanzu faci nake yi a bakin titi, ran Lahadi ina zama a bencin ƙarshe.

Ƙannena, in an buɗe muku sansani ku je, ku yi waƙa, ku yi addu'a. Amma ku binciki abin da ke girma a cikinku, domin gero da ciyawar wuta-wuta mai kashe shi ruwa ɗaya suke sha. In akwai abin da kuka ɓoye, ku faɗe shi yau, tun yana da girman da baki zai iya ɗauka. Nawa na bar shi ya girma har sai da aka haƙa masa kabari, kuma ba ni aka sa a ciki ba.