Na hana mijina magana a kan ramin yuraniyom

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni 'yar arewacin Nijar ce, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina matar aure mai 'ya'ya biyu, ba ni da wani buri da ya wuce mu zauna lafiya a Dubai. Maigidana injiniya ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana shiga ramin haƙar yuraniyom a garinmu, sai a 2017 wani kamfani mai ofis a Dubai ya ɗauke shi aiki. Muka kama ɗan filat a unguwar Abu Hail, ina ta hamdala ya rabu da ƙarƙashin ƙasa.

Kamfanin yana haƙa sabon rami ne a wata ƙasar Afirka, aikin maigidana kuwa tsara yadda iska za ta riƙa isa ga ma'aikata. Ya taɓa yi mini bayanin cewa dutsen yana fitar da wata muguwar iska marar wari marar launi, in ba a kore ta da manyan fankoki ba, a huhun mutane take zama. Wata Juma'a muna cin abincin rana ya gaya mini cewa manyansa sun matsu a fara ɗebo ma'adinin tun ba a gama rami na biyu na fitar da iskar ba. Ya ce jami'an gwamnatin ƙasar masu ba da izini za su zo taro Dubai, kuma in sun tambaye shi ba zai ɓoye musu ba.

Na yi kuka, na yi magiya. Na tuna masa bizarmu a hannun kamfanin take, ga yara sun fara makaranta. Na ce masa mutanen can ba danginmu ba ne, ya bar masu ƙasa su ji da ƙasarsu. Sai ya ce, "Maman yara, ke ba ki taɓa shiga ba. Ni na san abin da ake shaƙa a can." Ya je taron ya faɗi gaskiya, aka dakatar da izinin. Ba su kore shi ba, sun dai ɗauke aikin daga hannunsa, suka ce khalas, wato shi ke nan, in kwantiraginsa ya ƙare ba za a sabunta ba.

Daga nan na ɗauke masa wuta. In ajiye masa abinci in tashi, gaisuwa ma da ƙyar. A cikin wannan fushin tari ya kama shi. Ina jin sa daga kicin, in ce a raina sanyin na'urar ɗaki ne. Ya rame har wando ya daina zama masa, na ce tunanin abin da ya jawo mana ne. Da korona ta shigo aka gwada shi, ba ita ba ce. Sai ranar da na ga jini a tawul ɗinsa na ja shi asibiti da kaina. Likitar ta duba hoton ƙirjinsa, ta tambaye shi irin aikin da ya yi a baya. Da ya faɗa mata sai ta gaya mana sakamakon. Kansar huhu ce, kuma ta riga ta yi nisa.

A gadon asibiti na nemi gafararsa. Ya ce ai bai taɓa riƙe ni ba, tsoro ne irin na uwa. Ya rasu lokacin da korona ta tsayar da jirage, a Dubai aka rufe shi, maza ƙalilan aka bari suka raka shi. Mahaifiyarsa ta waya ta ji. Da hanya ta buɗe na kwaso yara muka dawo gida. Na ji an ce daga baya an buɗe mahaƙar, amma ban san ko an gama ramin iskar ba, ba ni kuma da wanda zan tambaya.

'Yan'uwana mata, wadda mijinta ya taɓa aikin rami, ko ya daɗe da barinsa, kada ta raina tarinsa, ta kai shi a duba huhunsa. In kuma ya tashi faɗin gaskiya don kare ran wasu, a tsaya a bayansa ko ana jin tsoro. Ban san watannin nan su ne na ƙarshe ba, na ƙarar da su ina gaba da mutumin da ya fi kowa buƙatata. Ku sa shi a addu'a.