Tankin da Ya Manta da Ƙoshi

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar da aka turo tasin Baba Yohanna garejinmu na Makera ba. Ku da kuka zo koyon aiki bana a gaisuwa kawai kuka san shi, don haka bari in ɗauko muku daga tushe.

A daminar da sojoji suka koma bariki ne, farar hula suka karɓi mulki. Ni ne autan gareji a lokacin. Tsarin dai kun san shi: Oga Bitrus a sama, sai manyan yara masu taɓa inji, sai auta, wanda aikinsa wanke sifana, sayo ƙosai da zuƙo fetur da tiyo. Fetur ɗin da na haɗiya a shekarar nan, har tsoron yin gyatsa nake kusa da murhun mai shayi.

Kafin wannan lokaci an yi shekaru ana wahalar mai. Direba ya kwana a layi ya samu galan ɗaya, ko ya saya a hannun 'yan bumburutu a bakin titi. Kwatsam sai mai ya wadata. Ka shiga gidan mai ba layi, har mai zubawa ya yi maka sannu da zuwa.

Baba Yohanna direban tasi ne, yana jigilar ma'aikatan masana'antu zuwa Kudenda da wata mota da ta girme ni. Ran nan da safe ya shiga gidan man da maƙwabcinsa Malam Sani ke aiki, ya ce a cika tanki. Bai yi nisa ba mota ta fara tari, tana fizga, inji na rawa kamar mai zazzaɓi, daga nan ta mutu. Ya koma gidan man da ƙafa, ya tara jama'a, ya ce ruwa aka sayar masa.

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne, Malam Sani ne ke zura sanda a rijiyar man kowace safiya don a ga ko ruwan sama ya shiga, kuma an kwana ana ruwa. Manaja ya karɓe tiyon famfo daga hannunsa, ya ce ya bi motar zuwa wajen bakanike, in aka samu ruwa kada ya dawo. Haka suka iso mana: Baba Yohanna a gaba yana faɗa, Malam Sani a baya yana taya tura motar da za ta iya raba shi da abincin 'ya'yansa. Malam Sani ya samu tsohuwar taya ya zauna.

"Bitrus," in ji Baba Yohanna, "motar nan ta ci wahalar soja ba ta taɓa tari ba. Yau kawai na ba ta ta ƙoshi, ka ga abin da Sani ya yi mini. Katanga ɗaya fa muke da shi."

Oga ya kalle ni. Na ɗauko tiyo na zuƙa, na cika farar kwalba, rabi kuma na ajiye a cikina kamar kullum. Aka ɗora kwalbar a kan mota. Ga yadda gwajin yake: ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa, ka ga iyakarsu ƙarara. Muka zuba ido kamar masu kallon ƙwallo. Babu ko ɗigo. Oga ya ɗiga man a takarda don ya ga ko an gauraya da kananzir, domin kananzir na barin maiƙo. Takarda ta bushe tas. Baba Yohanna ya ce ai ruwan ɓuya ya yi.

Aka goge fulogi, aka kwance kabureta, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, aka wanke aka mayar. Mota ta tashi lafiya lau. Oga ya ja ta gwaji, ni ina gefe ina ɗaga wa 'yan talla hannu kamar sabon kansila. Muna faɗawa ramukan hanyar Kudenda ta koma tari. Ni na turo ta gida, Oga na ciki yana tunani.

Daga nan ne abin ya fara ba ni sha'awa. Mai lafiya, kabureta fes, to me ke shaƙe ta? Oga ya cire filta, ɗan kwanon da ke tace mai, ya zazzage a tafin hannu. Wani jan gari ya zubo kamar dakakken barkono. Baba Yohanna ya ce ga shi nan, ƙasar rijiyar Sani ce. Sai a nan Malam Sani ya buɗe baki, ya ce tun safe yake zuba wa motoci daga famfo ɗaya, babu wadda ta dawo.

Oga ya aike ni in ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika. Ya kara a kan garin, sai ga shi yana maƙalewa. Ƙasa ba ta bin maganaɗisu. Tsatsa ce.

"Baba, yaushe rabonka da cika tankin nan?"

Baba Yohanna ya ɗaga kai yana lissafi. Ya ce tun kafin a haifi Rifkatu, autarsa, ga ta yanzu har ta shiga firamare.

"Da aka cika, ka girgiza ta?"

Ya ce ƙwarai kuwa. Shi da fasinjoji suka kama motar suka yi ta jijjigawa don man ya ƙara samun wuri, wa ya san ranar da zai sake ɓacewa? Malam Sani ya ce a hankali, "Na ce muku ku bari."

Muka juye man, muka sauke tankin. Oga ya haska ciki da tocila, ya ce in leƙa. Wallahi kamar an ja layi da rula. Daga ƙasa zuwa tsayin galan ɗaya ƙarfe ne fari sol, daga nan zuwa sama kuwa ja ne jawur, yana ɓarewa. Na tambayi Oga dalili. Ya ce inda mai ke kwana ba ya tsatsa. Sama kuwa shekara da shekaru iska ce kawai da raɓa, ƙarfen na gumi yana cin kansa. Yau mai ya hau can, aka kuma jijjiga shi, ya wanko tsatsar duka ya sauko da ita bakin bututu. Duk ramin da aka faɗa, sabuwa ta taso.

Maganin ya faɗo kaina. Aka zuba tsakuwa da ɗan mai a tankin, aka ce in girgiza. Na girgiza har na ji kakannina suna tambayar ko lafiya. Aka ɗauraye, aka sa sabuwar filta, aka tace man da tsumma aka mayar da abin da ya rage. Mota ta bi ramukan Kudenda ba ko atishawa.

Bayan la'asar muka nufi gidan man, ni ne ɗan rakiya mai riƙe kwalba da jan gari. Baba Yohanna ya buɗe wa Malam Sani gidan gaba da hannunsa. A gaban manaja ya ba Malam Sani haƙuri da muryar da ta fi ta safe ƙarfi, har masu facin taya suka taso kallo. Manaja ya miƙa wa Malam Sani tiyonsa.

A daminar nan motoci da dama sun zo mana da irin wannan tarin, kowane direba da wanda yake zargi. Abin da na koya ke nan: mai mota abin da ya shiga yau yake tuhuma, bakanike kuwa sai ya tambayi yadda motar ta rayu a shekarun baya. Shi ya sa za ku ji Oga na yi wa direba tambayoyi kamar likita kafin ya taɓa sifana.

Oga dai ya gargaɗi Baba Yohanna ya riƙa barin tankin a cike, kada tsatsa ta dawo. Amma da Malam Sani ya zura tiyo ya ce, "Baba, a cika?" sai tsohon ya daɗe yana kallon famfon, yana shafa bayan motarsa.

"Galan ɗaya, Sani," ya ce. "A bi mu a hankali. Ni da ita ba mu saba ba tukuna."